Ranar da na yanke mariƙin sandar golf ɗin Baba

Shekarun baya, lokacin ina gidanmu a Unguwar Shanu ban yi aure ba, mahaifina ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ɓarin dama ne. Ƙafar ta ɗan dawo, amma hannun ya ƙi, magana kuma sai kalma ɗaya biyu, su ma sai ka kasa kunne.

Baba duk rayuwarsa a filin golf ya yi ta. Tun yana saurayi yake ɗaukar wa manya jakar sanduna, yana bin su rami zuwa rami. Daga baya ya koma gyaran sandunan. Wani da ya daɗe yana yi wa ɗauka ne, da zai bar Kaduna, ya ba shi sanda ɗaya, irin mai faffaɗan kai da ake gangara ƙwallo cikin rami da ita idan an zo kusa. Tana rataye a bangon ɗakinsa, mu yara ko ƙura ba mu isa mu share mata ba.

A asibiti an ce ya riƙa motsa hannun. Suka ba shi ƙwallon roba ya dinga matsawa. Baba ya kalli ƙwallon, ya kalle mu, ya ture shi ƙarƙashin gado da hannun hagu. Wata biyu muna lallashi, ko a jikinsa. Sai dai na lura kullum idan aka jingina shi, idonsa na kan bangon nan.

Wata Asabar da hantsi na sauko da sandar na sa masa a hannu. Yatsunsa suka yi ƙoƙarin rufewa, suka kasa. Mariƙin robar ya tsufa, ya bushe, ya sirance kamar kara, ga santsi. Sandar ta zame ta faɗi ƙasa. Ya juyar da fuskarsa bango. Nan na ce a raina, in hannun ba zai rufe ba, to mariƙin ya yi kauri ya same shi.

Na fito da Baba tsakar gida a kujerarsa, na ɗauko wuƙar yankan albasa. Ku ji fa, wuƙar albasa. Ni da ban taɓa ko gyara maɓallin fitila ba.

Ina durƙushe ina auna inda zan fara, yayana ya shigo. Shi ne babba, ma'aikacin gwamnati ne, a gidan kuma idan ya yi magana an gama.

"Ke! Me za ki yi da wannan?"

"Robar zan cire, Yaya. In sa mai kauri."

"Kin san shekara nawa hannun Baba ya yi a kan robar nan? Dubi shatin yatsunsa a jiki. Abin da za mu nuna wa 'ya'yanmu ke nan. Mayar da ita inda kika ɗauko."

"Ba ya iya riƙe ta a haka."

Ya rage murya, wai don kada Baba ya ji, alhali ga shi nan taku uku tsakaninmu. "Ko kin sa mata katifa ba zai riƙe ba. Ki bar mana abin tunawa."

Wallahi kalmar nan ce ta tayar min da hankali. Na miƙe tsaye. Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar.

"Tunawa da wa? Ga shi nan zaune yana kallonka! Da ransa, ɗazu ya sha koko!"

Mahaifiyata ta leƙo daga kicin tana cewa, "Ku bari mana, don Allah ku bari." Yaya ya ce idan na taɓa robar nan, babu ni babu shi. Na koma na durƙusa, na kafa wuƙar a bakin robar, na fara jawo ta wajen cikina.

"Waje!"

Duk muka juya. Baba ne. Ya ɓata rai, irin ɓacin ran da muka sani tun muna ƙanana idan muka yi aikin shirme.

"Waje... ki tura. Uwata, za ki yanke."

Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Tun kwanciyarsa bai haɗa kalmomi masu yawan haka ba. Na juya wuƙar, na riƙa turawa nesa da jikina. Ta ƙi ci. Ya yi tsaki ya ce, "Reza." Na kawo reza. Na tsaga robar tun daga ƙasa har sama, ta ɓare kamar ɓawon rake, tana marmashewa a hannuna. A ƙarƙashi akwai tsohon tef da ya manne wa ƙarfen ya zama baƙi ƙirin. Na fara ƙanƙarewa da farce, ya sake yin tsaki. "Kananzir." Mama da kanta ta tsiyayo min daga risho. Na jiƙa tsumma na goga, tef ɗin ya saki, ƙarfen ya fito fes.

Yaya yana tsaye har aka gama. Ya sunkuya ya tsince guntayen tsohuwar robar ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu, ya fita.

Da la'asar na karɓo tsohon tub na keke wajen mai faci, na yanka dogaye na nannaɗe har ya yi kauri, baduku kuma ya ɗinke min da jar fata. Abin ya fito kamar taɓarya, babu kyan gani ko kaɗan. Amma yatsun Baba sun zagaye shi, sun kuma tsaya. Na kwantar da kofin silba a siminti a madadin rami, ya tura ƙwallo da sandar ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake. Ranar ko ɗaya bai shiga ba, ya ce simintinmu ne a karkace.

Yaya ya yi kusan wata ba ya amsa gaisuwata. Dangi suka yi ta cewa in ba shi haƙuri, ai babba ne. Na ce gaisuwa dai ba zan fasa ba, amma haƙuri kan wannan, a'a.

Hannun Baba bai warke duka ba, kada in yi muku ƙarya. Amma ya koma cin tuwo da kansa, ya kuma yi shekara huɗu yana faɗa da simintin nan kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Yanzu na fahimci Yaya fiye da da. Tsoro ne ya sa shi fara tattara abin da zai rage masa tun mutumin yana numfashi. Muna zumunci lafiya lau, 'ya'yansa ma a gidana suke hutu. Sai dai har yau bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba. Kuma da za a mayar da ni tsakar gidan nan, zan sake yankewa. Abin da kawai zan canja shi ne, da reza zan fara.