Jaruman Baba a hannun mai tsire

Jiya da yamma Baba ya shigo da ƙullin tsire. Yana buɗewa sai ya ƙura wa takardar da aka naɗe tsiren ido.

Nan take na gane takardar. Da safe na share masa ɗaki a gidanmu na Gwagwalada, na tarar da kwali cike da tsofaffin mujallun zane, na jaruman nan masu tashi sama. Duk sun yi ja. Na ɗauka shara ce, na ba mai tsiren bakin layi.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ni ce. Ai akwai sababbi a waya, sun ma fi kala."

Ya ce, "Jikokina suna nuna min, Hauwa, kuma suna da kyau. Amma zo ki gani." Ya share yajin da ɗan yatsa. "A nan jarumin ya kasa ceton ƙaninsa. Mai zanen bai rubuta ko kalma ɗaya ba, kafaɗun jarumin kawai ya sauke. Shekarar da baffanki ya rasu, kullum sai na buɗe shafin nan."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ruga wurin mai tsire, rabi na samo, sauran sun bi masu saye.

Bai yi min faɗa ba. Cewa ya yi in zauna ya nuna min labarin daga farko.

Masu iyaye a gida, kuna tambaya kuwa kafin ku zubar musu da kaya?