Ranar da Banki Ya Nemi Wosilatu

Sai da na shekara goma sha tara a duniya kafin na ji sunan yayar mahaifina. Wata Laraba ce da hantsi, muna shanya zannuwa a tsakar gidanmu na unguwar Kemta, sai ga Alhaja Nimota, mai shagon atamfa a kasuwar Itoku, ta faɗo ba sallama tana kira, "Wosilatu! Ina Wosilatu?" Mahaifiyata ta ce mata ta yi ɓatan kai, babu mai wannan suna a gidan. Sai muka ji murya daga bayan tukwanen rini: "Nimota, tun da kika sa haƙorin Makka bakinki ya daina tsoron manya." Iya Alaro ce ta amsa, yayar mahaifin nawa.

Haka duk Abeokuta ke kiranta, Iya Alaro, uwar masu rini. A gindin tukunyar baba aka haife ta, uwarta da kakarta duk sana'arsu ke nan. Aji biyu ta yi a makaranta aka cire ta, aka miƙa mata gashin kaza da kullun rogo ta koyi zana ado a kan farin yadi. Ta auri Akinbode direban babbar mota, suka shekara ashirin, ya rasu, ta dawo gidan mahaifinta. Allah bai ba ta haihuwa ba, don haka babu ɗan da za a kira ta da sunansa kamar sauran mata, sai aka kira ta da aikinta. Hannayenta shuɗaye ne har gwiwa, ko ranar Sallah.

A shekarar da nake ba da labari kasuwa ta juya mata baya. Yadin inji mai kwaikwayon adonta ya cika Itoku, ga arha. Cikin mata shida da ke aiki tare da ita saura biyu. Ta riga ta faɗa cewa in damina ta wuce a haka za ta kife tukwanen ta huta. Ana cikin haka wani kamfanin shirya biki na Legas ya aiko wasiƙa: suna son ankon zane ɗari uku, zanen hannu. Amma da cek suke biya, sai ta buɗe asusu a banki irin wanda ake ba mutum littafin cek, ta aika musu da lambarsa kafin Juma'a ta fita. In ba haka ba, masu inji za su ba.

Iya Alaro ba ta taɓa shiga banki ba. Adashi ta sani. Ranar Litinin ta ɗaura gogoronta na zuwa biki ta tafi. Ƙofar gilashin ta ƙi buɗe mata sau uku, tana ta yi mata magana da muryar mace, har sai da mai gadi ya gane cewa ƙarfen makullan da ke ƙugunta ne ke hana ƙofar buɗewa. A ciki aka zaunar da ita gaban wata yarinya mai suna Morenike, wadda ta ɗan rusuna ta gaishe ta, ta lissafa mata abin da za ta kawo: katin ɗan ƙasa, katin zaɓe, hoto biyu, da mutum biyu masu irin wannan asusu da za su cika takarda su shaida sun san ta.

Wannan na ƙarshe ya ba ta dariya. Wa ye bai san ta ba? Ta kai takarda ɗaya ga Alhaja Nimota, ƙawarta ta shekara arba'in, ɗayar kuma ga Baba Oyewole mai shagon magani, dattijon coci, aminin marigayi mijinta. Kafin la'asar kowa ya cika tasa.

Talata ta koma, ta miƙa takardun, aka ce ta zauna za a kira ta. Ta zauna. Sanyin wurin ya shiga ƙasusuwanta. Tana jin ana ta kiran wata Wosilatu Sobowale, sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Ta juya ga matar da ke kusa da ita ta ce, "Mutane ba su da kirki. A zo a ajiye takarda a tafi yawo, a bar yarinya tana ta kashe murya." Sai da aka kusa azahar Morenike ta taso da kanta.

"Mama, ai ke nake ta kira."

"Ni? Yaushe?"

"Ba ke ce Wosilatu Sobowale ba? Ga shi a katinki na ɗan ƙasa."

Iya Alaro ta kalli katin. Hotonta ne kuwa. Ta tuna lokacin da aka yi shi, ƙanenta ne ya tsaya gaban masu rubutun ya ba da amsa. "E to," ta ce, "liman ya raɗa min wannan. Amma tun da malamin aji biyu ya mutu ban ƙara jin sa ba."

Morenike ta baje takardun a kan tebur. "To Mama, katin zaɓe kuma ya ce Asake Akinbode."

"Ni ce. Asake uwata ke kirana in za ta yi min kirari. Akinbode mijina."

"Baba Oyewole ya rubuta cewa ya san Misis Akinbode shekara talatin. Alhaja kuma ta rubuta ta san Iya Alaro. Wasiƙar Legas ma Iya Alaro ta ce."

"To ai gaskiya suka faɗa."

"Mama, a wurin banki waɗannan mata huɗu ne."

Iya Alaro ta waiga bayanta, kamar za ta ga sauran ukun a tsaye. Ita dai a saninta, ranar suna kowane babba a dangi yakan jefa kwabo a kwano ya ba jariri sunan da ya ga dama, kuma yawan suna alamar yawan masoya ce. Takwas ta samu. Matan da aka auro gidan bayan an haife ta ba su da ikon kiran ko ɗaya, sai suka sa mata Mai Wushirya, ya zama tara.

"Wanne ne dai naki na gaskiya?" Morenike ta tambaya a hankali.

"'Yata, cikin yatsunki wanne ne na gaskiya?"

Yarinyar ta yi murmushi, ta ce ta gane, amma na'ura ba ta ganewa. Na katin ɗan ƙasa shi banki zai bi. Shaidu su sake cika takarda da shi, ita kuma ta je kotu ta yi rantsuwa cewa duk sunayen nata ne, kuma daga yau Wosilatu Sobowale kaɗai za a san ta da shi. Iya Alaro ta fito tana juya maganar. In duk nata ne, me ya sa za a bar mata ɗaya? In kuma ɗaya ne nata, rantsuwar me za ta yi a kan sauran? Har ta wuce kwanar gidanmu ba ta sani ba.

Abin da ya kawo Alhaja Nimota ranar Laraba ke nan. Banki ya buga mata waya ya faɗa mata sunan, ita kuwa da ma Iya Alaro ta girme ta da shekara biyu, a al'adarmu kuma ƙarami ba ya kiran babba da suna, don haka shekara arba'in ba ta da bakin tambayar sunanta.

"Ashe Wosilatu nake ta durƙusa wa," in ji Alhaja, tana dariya har da riƙe ciki. "Yaya, da kin faɗa min tun farko da na sa wa jikata."

"Ki sake faɗa ki ga ko ban tsoma ki a tukunya ba. Da ma kin yi fari da yawa."

Alhaja ta zauna a kan turmi ta cika sabuwar takarda, tana tambayar mu ko da "s" biyu ake rubuta sunan. Baba Oyewole shi ya fi ba da wahala. Ya ce bai san wata Wosilatu ba, kuma ba zai sa hannu a kan ƙarya yana da shekara saba'in da takwas ba. Sai da Iya Alaro ta tsaya gabansa da katin a gefen fuskarta, ya sa tabarau, ya dubi wannan ya dubi wancan, sannan ya ce, "Allah ya ji ƙan Akinbode. Anya shi ma ya sani?"

Alhamis a kotu magatakarda ya karanta mata rantsuwar. Da ya zo wurin "kaɗai" ta ce ya tsaya. Ta tuna inda sunayen suka fito. Asake uwarta ta ba ta. Akwai wanda kakarta ta ba ta, wadda ta koya mata haɗa baba da ruwan toka. Duk waɗanda suka ba ta sunayen nan sun mutu, yanzu kuma ita ce za ta ɗaga hannu ta ce ta ajiye kyautarsu. Sai ta tuna matan nan biyu da suka rage a marina, da tukwanen da kakar tata ta bari. Magatakarda ya ce akwai mutane a layi. Ta ɗaga hannun.

Ranar Juma'a saura sa hannu. Ta ce ba ta iya rubuta Wosilatu ba. Morenike ta ce ba dole sai suna ba, kowace alama ce, muddin za ta iya maimaita ta iri ɗaya kullum. Iya Alaro ta karɓi biro, ta riƙe shi yadda take riƙe gashin kaza, ta zana ɗan tsuntsun da take sawa a kusurwar kowane zane nata. Aka ce ta sake. Ta sake sau uku, ko gashi ɗaya bai bambanta ba. Kafin a kira sallah lambar asusu ta isa Legas.

An yi ankon. Mata uku cikin waɗanda suka tafi sun dawo. Har yau in banki ya bugo ya nemi Wosilatu takan ce su dakata ta dubo ta.

Ranar da muka gama naɗe zane na ƙarshe ta kira ni bayan tukwane, ta ce in zo da littafina na makaranta da nake rubuta haihuwa da rasuwar 'yan gida. Ta ce, "Banki ya ɗauki ɗaya ya adana. Saura takwas ba su da mai riƙe su sai ni, ni kuma na fara mantuwa. Zauna ki rubuta su, kowanne da wanda ya ba ni. Ki fara da Asake. Kuma ba sai kin faɗa da ƙarfi ba, na girmi ubanki."