Muryar Baba A Kwalin Sabulu

Asabar: Hasahisa zuwa Madani

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gida rungume da kwalin sabulu. A cikinsa kwamfutarmu ce, naɗe da tsohon bargo. Matata Nafisa ta rako ni bakin ƙofa tana cewa, "Ustaz, da ka ji maganata ka kwafe abin nan tun bara, da yanzu kana kan gadonka." Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ma na ji haushi. Na ce ta kula da Inna, na kama hanyar tasha. Wannan kafin yaƙi ya rurrufe hanyoyin nan ne.

Bari in faɗa muku abin da ya fitar da malamin lissafi daga gida ba shiri. Kafin Baba ya rasu na zaunar da shi kwana da kwanaki ina ɗaukar muryarsa, yana ba da labarin yadda kakanninmu suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar Makka, suka yada zango a bakin kogin nan na ƙasar Sudan, zango ya zama gida. Ya jero sunayen zuriya tun daga can har ya iso kanmu. Duk yana cikin wannan kwamfuta, babu shi a ko'ina. Ita kuwa Inna tsufa ya kawo mata mantuwa. Ni ɗanta na fari, "baƙon nan" take ce da ni. Amma kullum bayan la'asar in aka kunna mata muryar Baba sai ta natsu, ta gyara mayafi, ta ci abinci sosai. To, kwana tara ke nan da injin ya yi tari ya mutu, kuma tun ranar in ban da shayi ba abin da ke shiga cikinta.

Hafila, wato ƙaramar bas ta haya, ta cika ƙarfe biyar da rabi. Kilomita kusan hamsin ne zuwa Madani, muka shiga bakwai saura. Na ci ful, dafaffen waken nan namu, da burodi a tasha, ba don ina jin yunwa ba, sai don in kashe lokaci kafin kamfani ya buɗe.

Kamfanin Gawo yana bayan kasuwa, bene mai hawa biyu. Mu mutanen Hasahisa muna jinsa kamar namu, don mai shi, Usta Haruna, a masaƙar garinmu ya yi aikin lantarki. Usta muke ce wa gwanin sana'ar hannu. Da masaƙa ta fara durƙushewa aka sallame su, ya dawo Madani da akwatin sukudireba ɗaya, ya kafa teburin gyaran rediyo a gindin darbejiya. Daga nan ya fara bin ofisoshi yana kwasar matattun kwamfutoci, ya haɗa uku ya tayar da ɗaya. Da ya ga ana so, sai ya riƙa sayo kayan ciki ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan yana harhaɗawa da hannunsa, ya manna hoton itacen gawo a goshin kowacce. Tawa tana cikin na farko-farko.

Yanzu ɗansa ne a kan kujera, Muhandis Yasir, wato injiniya. Saurayi ne mai fara'a, Hausarsa da ƙyar take tafiya sai Larabci ya tallafe ta. Da kansa ya buɗe injin. Ciki baƙi ƙirin, fanka ta daskare kamar an zuba mata ƙaro. Ya cire faifan ajiya ya gwada a inji biyu, sannan ya ɗago.

"Ya ƙone, ya Ustaz. Halas, shi ke nan."

Raina ya ɓaci, na ce, "Bene hawa biyu, injiniyoyi kamar ƙasa, a rasa mai tayar da muryar tsoho ɗaya?"

Bai yi fushi ba, Allah ya yi masa albarka. Ya ce su yanzu ƙananan kwamfutocin cinya suke haɗawa, irin wannan kuwa aikin hannun mahaifinsa ne, in akwai mai wata dabara to shi ne. Yana Rusairis yana noman ayaba. Ya kira wayarsa sau huɗu ba a ɗauka ba, ya ce kullum tana aljihun rigar da ya rataye a ɗaki. Har na kai ƙofa ya biyo ni.

"In ka gan shi, ka ce mashi Yasir na gaisuwa."

Madani zuwa Mai Wurno

Na sami bas ta Sinnar ƙarfe sha ɗaya da kwata. A shingen 'yan sanda da ke hanya aka ce kowa ya buɗe kayansa. Wani dattijon ɗan sanda ya ɗaga bargon, ya sunkuya, ya shaƙa, ya dube ni.

"Ya zol, bawan Allah, wannan kwamfuta ce ko amarya?"

Duk bas ta kwashe da dariya, har direba. Ni ban yi ba. Sai a lokacin hancina ya lura da abin da ya saba da shi: injin ƙamshin turaren wuta yake yi, kamar ɗakin Inna.

Mun isa Sinnar ɗaya da rabi, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Kusa da tasha na hangi reshen Gawo, da wata tsohuwar alama da rana ta koɗar. Nan ne kamfanin ya fara faɗaɗa, lokacin da makarantu da shagunan magani suka gano cewa injin Usta yana da batir a ciki, in wuta ta ɗauke ba ya mutuwa nan take. Ban tsaya ba. Na yi azahar, na hau wata hafila zuwa Mai Wurno, rabin awa.

Na sauka gidan Baffa Sambo, ƙanen Baba. Aka kawo asida, tuwonmu na nan, da miyar kuɓewa busasshiya, na ci kamar wanda aka kora daga gona. Da na faɗi inda za ni, Baffa ya yi dariya har da tari.

"Haruna? Ai tare munka yi kiwon awaki. Ran da ya kawo injinai na farko garin ga, gwangwanin jikinai wani maƙeri mai yin murhu ya buga mashi. Tsofaffi sunka ce Haruna ya sa talabijin cikin tanda."

Ya ce a nan garin Haruna ya sayar da goma na farko, bai yi talla ba, sai dai duk wadda ta lalace shi zai hau mota ya zo har gida ya gyara. Sannan ya tambayi jikin Inna. Na faɗa masa gaskiya. Ya ce in tashi da wuri.

Lahadi: Singa, Damazin, Rusairis

Ƙarfe shida na tsaya bakin titi. Kwandastan hafilar da ta tsaya ya ce kwali sai saman mota, tare da buhunan albasa. Na ce sai dai ni a ɗaure ni a can. Muka yi ta ja-in-ja har na biya kuɗin kujera biyu, na zaunar da Baba kusa da taga.

A Singa aka tsaya shan shayi ƙarfe bakwai da rabi. Nan Nafisa ta kira ni. Ta ce yau ko shayin Inna ta ture, tana ta tambayar Baba, "Malam fushi ya yi da ni? Me na yi masa?" Wallahi sai na ji kofin ya yi mini nauyi, na ajiye shi ban sha ba. Shekara nawa ina cewa gobe zan kwafe, gobe zan kwafe, ni da nake koya wa yara cewa ba a barin aikin yau.

Daga Singa zuwa Damazin kilomita ɗari da hamsin ne ko kusa, hanyar kuma duk ramuka. Kowane rami sai na dafe kwalin. Wata mata a bayana ta ce, "Malam, ƙwai ne?" Na ce ya fi ƙwai. Mun shiga Damazin sha biyu da rabi, na ɗauki raksha, keke mai ƙafa uku, muka haye kogi zuwa Rusairis. Ba sai na sha wahalar tambaya ba, mai rakshar ya san gonar Usta mai kwamfuta.

Na same shi cikin ayaba, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Gajere ne, farin gemu, tabarau ɗaure da zare. Muka gaisa, na faɗi sunan Baba, ya ce ya san shi, ya yi masa addu'a. Ya wanke hannu ya kai ni wani ɗaki a bayan gida, cike da tsofaffin injuna. Ko bargon bai gama cirewa ba ya yi murmushi.

"Wa ke turara ta?"

Na ce Inna. Duk Juma'a takan sa garwashi a kasko, ta zuba turaren itace, ta ajiye a gindin injin, ta lulluɓe su tare da mayafi, don ta ce ba a barin ɗakin Malam ba ƙamshi. Mu kuma muna ganin abin ban sha'awa ne, ba wanda ya hana.

"Ba ita ta fara ba," in ji shi. "Rabin injunan da na gyara a ƙauyukanmu hayaƙin turare ya kashe su. Fanka ta ja shi ciki, ya daskare, zafi ya gama aiki. Mutanenmu in suna son abu sai sun turara shi. Mi za ka yi masu?"

Na miƙa masa faifan, na ce Yasir ya ce ya ƙone. Ya juya shi sau ɗaya ya ajiye.

"In Yasir ya ce ya ƙone, ya ƙone. Yaron ya san aikinai."

Na zauna a kan wani akwati. Shi kuwa ya kifa injin, ya kwance ƙusoshi huɗu a ƙasansa, waɗanda ni na ɗauka na ƙafafu ne. Wani faranti ya fita. A bayansa ga wani ɗan ƙaramin faifai cikin leda mai kauri, fes da shi, ko ɗigon baƙi babu.

Ya ce, "Kai ɗan manomi ne. Kun taɓa zuba iri a rumbu ɗaya da hatsin ci?"

Na ce a'a, Baba a tulu yake ajiye iri, ya liƙe bakin da laka.

"To ga tulun."

Ashe duk injin da ya haɗa da hannunsa sai ya ɓoye masa faifai na biyu inda iska ba ta shiga, ya saita shi yana kwafar abin da ke cikin babban shi kaɗai, ba tare da mai shi ya sani ba. Ya ce in ka faɗa wa mutum akwai wuri, sai ya cika shi da hotunan biki. A kan wannan ne suka saɓa da ɗansa. Da kamfani ya girma, Yasir ya ce faifai biyu yana sa injin tsada, masu kawo kaya daga waje za su cinye su a kasuwa. Usta ya ce shi ba zai manna gawo a kan injin da ba shi da iri ba. Ya ajiye makullai ya taho noma.

"Kuma gaskiya gare shi," ya ce yana jona faifan a wani tsohon inji. "Da an bi tawa, da yanzu mutum arba'in ba su da aiki. Ni dai ban iya ba ne."

Na ce Yasir na gaisuwa. Sai da ya goge tabarau tukuna ya tambaye ni ko yaron ya rame.

Sai ga muryar Baba ta cika ɗakin, yana gyaran murya, yana cewa, "To, bismillahi, kakanmu na huɗu shi ya taso." Ni da furfurata na rufe fuska da hula na yi kuka, Usta ya fita duba ruwan ayabarsa har na gama.

Da yamma ya sa wa injin sabon faifai da sabuwar fanka, ya kwafa mini muryar a wayata da wasu ƙananan faya-fayai biyu, ya ce ɗaya in kai wa Baffa Sambo. Na ce daga yau an daina turare a gidanmu. Ya harare ni.

"Kar ka kuskura. Tsohuwa na girmama mijinta, kai za ka hana?"

Ya jawo wata lasifika mai akwatin katako, ya ɗaura mata waya mai tsawon gaske. Ya ce injin ya zauna a ɗakina, lasifika a ɗakin Inna, ta turara ta har ta gaji, katako ba ruwansa. A gidansa na kwana, aka ba ni soyayyen kifin kogi da kisra, siririyar wainar dawa.

Litinin: komawa gida

Biyar da rabi na asuba na bar Rusairis, da kwali biyu da nonon ayaba guda. Na tsaya Mai Wurno minti goma na ba Baffa nasa. A Madani ban sauka ba, amma na kira Yasir na ce mahaifinsa ya tambaya ko ya rame. Ya ce Juma'a zai je.

Na shiga gida huɗu da minti ashirin, ana fitowa la'asar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, sannan ga Baffa Sambo, da Usta Haruna da ɗansa, har da ɗan sandan da ya fi ni hanci.

Inna tana kwance ta ba ƙofa baya, ta ƙara ƙanƙancewa cikin kwana ukun nan. Na ja waya ta ƙarƙashin ƙofa, na ajiye lasifikar a kan teburinta, Nafisa ta kunna daga ɗakina. Da Baba ya yi gyaran murya sai Inna ta juyo. Ta tashi zaune da kanta, ta lalubo mayafi.

"Malam, ina ka tsaya haka?"

Nafisa ta kawo kunu, ta karɓa tana sha tana saurare, tana gyaɗa kai a kan kowane suna. Ni ina tsugune bakin ƙofa. Baba ya bi zuriya ɗaya bayan ɗaya har ya zo ƙarshe, ya ce, "Ni kuma na haifi Umaru." Inna ba ta taɓa kiran sunana ba tun da ta haife ni, kunyar ɗan fari, kuma ranar ma ba ta kira ba. Ta dai ɗago ta dube ni sosai, ta nuna ni da cokali, ta ce wa lasifikar, "Ga shi nan. Shi ya je ya ɗauko ka."

Sannan ta ce da Nafisa ta kawo mata garwashi.