Hoton da Kawu ya goge da hannun riga

Kawu Sale ya karɓi wayata, ya ƙura wa hoton ido, sannan ya goge gilashin da hannun riga.

"Wayarka ta yi datti."

"Ba datti ba ne, Kawu. Wani tarin taurari ne mai nisa, ana ce masa Andromeda."

Asuba huɗu na yi a bayan gidansa a Karare, waya ɗaure a bakin madubin hangen nesa, kafin na samu wannan ɗan farin dishi-dishin. Shi kuwa da ya ga na dage da kallon sama, ashe ya dakatar da binnen geronsa yana jiran abin da zan gano.

"To, me suka ce? In binne irin ko in jira ruwa?"

"Kawu, hasken nan ya fi shekara miliyan biyu yana tafe."

Ya miƙo mini wayata.

"Ashe tsohon labari ka ɗauko."

Washegari da asuba ya duba taurarin Kaza da 'Ya'yanta da idonsa, yadda ya saba, ya saɓi sungumi. Ni aka ba ƙwaryar iri.

Jama'a, tsakanina da Kawu, wa ya iya kallon sama?