Baƙuwar da ke Motar Alhaja Sidi

Duk wanda ya taɓa shiga motar Alhaja Sidi ya san ba a tayar da ita haka kawai. Sai ta zauna, ta gyara ɗaurin nan nata mai kama da hasumiya, ta ciro faifai, ta hura masa iska, ta goge shi da gefen mayafi, sannan ta sunkuya wajen rediyon ta ce, "Salamu alaikum, masu gida." Kuma wallahi sai ta ɗan jira, kamar za a amsa. Ku da kuke dariya yanzu, ai da yawanku kun guji motar nan a lokacin, ina sane da ku!

Sunanta Sidikatu, haifaffiyar Fagge, iyayenta ne suka zo daga ƙasar Yarbawa. Yara suna zaton saboda faifan sidi ake ce mata Sidi, ita kuma ba ta taɓa gyara musu ba. Tun muna 'yan mata muke tare. Ni na bi koyarwa, ita ta bi sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari, kuma ita take sauke ni a makaranta da safe.

Alhaja ba ta sayen faifan waƙa. "In ba wa masu sayar da faifai a Bata kuɗina su zaɓa mini abin da zan ji? Kunnena ne ko nasu?" Sai ta sayo faifai marasa komai, ta sa ɗanta Wasi'u ya koya mata ɗura waƙa a tsohuwar kwamfutarsa: fuji na Yarbawa, kiɗan ƙwarya, wa'azi, duk a haɗe. Amma motar 'yar Kwatano ce, rediyonta ya tsufa. Ta zura faifai, ya yi gurnani, ya tofo mata shi kamar yaro da magani.

Muka je wajen Malam Sabi'u mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya ce, "Alhaja, rediyon nan bai san waƙar da aka matse irin ta waya ba. Ki zaɓi ɗuri irin na faifan kanti. Kada ki sayi faifan da ake gogewa a sake. Ki bari kwamfutar ta rufe shi kafin ki cire. Sannan ki ɗura a hankali."

Saurin kwamfutar yake nufi, bawan Allah. Ita kuwa ta ɗauki "a hankali" ta kai shi gida. Ranar ɗurin faifai sai ka ce zaman makoki ake: a kashe fanka, a hana daka, a kora kaji bayan gida. Na taɓa yin atishawa ana tsakiyar aiki. Ta juyo ta dube ni cikin tausayi ta ce, "Shi ke nan, Malama, kin shiga ciki. Yanzu duk Kano za ta ji murarki."

To, ga inda dariya ta ɗauke. Wata rana da tsakar rana muna cikin cunkoso a Titin Ibrahim Taiwo, ta saka sabon faifai. Rediyon bai tofo shi ba, bai kuma yi kiɗa ba. Shiru. Sai muka ji numfashi. Numfashin mutum, a hankali, kusa da kunne. Sai wata tsohuwar murya ta fara rera waƙa, ba ganga ba goge, da wani yare da ban taɓa ji ba. A bayanta agogon bango yana bugawa. Ta yi tari, ta yi 'yar dariya, ta kira wani suna sau da yawa, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci.

Na ce, "Alhaja, wace ce wannan kika ɗura?"

Ta ce, "Ni fuji na ɗura."

Na fara karanto duk abin da na haddace, hannuna a kan marfin mota. Ita ko gezau. Ta rage murya ta ce, "Ki bari ta gama mana. Ba kyau a katse babba." Daga ranar ne sallamar ta samo asali.

Abin ya ci gaba. Duk faifan da rediyon ya ƙi, sai tsohuwar ta fito. Jikoki suka daina shiga motar. Magana ta zaga Fagge cewa Alhaja ta ajiye aljana tana jawo mata ciniki, har wasu masu haɗa kayan ɗakin amare suka koma wani shagon. Wasi'u ya roƙe ta ta sayar da motar. Ta ce, "Aljanar da take tari? Ita ma ta Allah take yi."

Da ƙyar na ja ta muka koma wajen Malam Sabi'u. Ya saurara, ya yi a'uzubillahi, sannan ya zaga bayan motar ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗar ciki. Ga wani ɗan akwatin faifai a maƙale, tun daga ƙasar da motar ta fito. In faifan gaba ya ƙi, sai rediyon ya koma can. A ciki faifai ɗaya ne, ɗurin gida, an yi masa rubutu da hannu mai rawa.

Muka yi ta dariya, ni har da hawaye. Malam Sabi'u ya ce, "Bari in jefar miki da fitinar."

Alhaja ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wata ce ta zauna ta yi wa ɗanta waƙa. Shi kuma ya sayar da mota da uwarsa a but. Mayar da ita."

Ya ce a bar masa faifan ya goge shi tukuna, washegari ya mayar. Da ya mayar, ita kuwa ta sauke gilasai, ta ƙure muryar rediyon, ta bi layin masu gulmar ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Ku fito ku gaisa da aljanar!"

Da ciwo ya kwantar da ita, ta kama hannun Wasi'u a gabana ta ce, "In za ka sayar da motar, ka sauke baƙuwata. An yi mata sau ɗaya, ya isa." Da Allah ya yi mata rasuwa haka aka yi, aka ba ni faifan.

Ranar sadakar uku Malam Sabi'u ya tare ni a ƙofar gida. Ya ce, "Malama, akwai abin da ban gaya wa marigayiya ba. Ranar da faifan nan ya kwana a shagona, ba na'urar da ban saka shi ba. Kowacce sai ta nuna ba komai a cikinsa."

Na ce, "Wataƙila tsufa ya yi."

Ya ce, "Wataƙila." Bai dube ni ba.

Yana nan cikin akwatina, a naɗe cikin ɗankwalinta. Ban taɓa gwada shi ba, ba kuma zan gwada ba.

Allah ya jiƙan Sidikatu, wadda ko muryar da ba ta san mai ita ba ta ƙi yarda a wulaƙanta. Allah ya haskaka kabarinta, ya sa ta tarar da masu karɓar ta hannu bibbiyu. Amin.