Hanyar Bayan Masallaci

Wasu garwa biyu masu tsatsa ne suka tsayar da ni. 'Yata ce ta matsa lallai sai mun je yawon buɗe ido wurin tsohuwar hanyar ruwan nan da ta bi gindin duwatsu ta wajen Arfa, wadda aka gina tun zamanin halifofi don shayar da Makka. Na bi ta ne don kar a ce na ƙi, gwiwoyina kuwa tun a mota suka fara ƙorafi. Mai yi mana bayani yana ta zuba, yana nuna ginin dutse, ni kuwa idona na kan garwar da aka rataye a sanda don masu ɗaukar hoto.

Da irinsu Baba ya ciyar da mu. Ɗan ga-ruwa ne a unguwarmu ta Jarwal, cikin Makka. Ruwan wannan hanya yakan iso bazan, wato matattarar da unguwa ke ɗiba, shi kuma ya saɓa a kafaɗa ya hau da shi gidajen kan tudu. Lokacin zafi, kafin azahar rigarsa ta jiƙe, ta bushe, ta yi farin gishiri. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta kamar tafin ƙafa. Inna takan shafa masa man zaitun tana mita, shi yana gyangyaɗi.

A makaranta cewa na yi babana ɗan kasuwa ne. Wata rana mun taso da ƙawayena, sai ga shi ya ɓullo daga lungu, ruwa na fantsama a ƙafafunsa. Ya gan ni, fuskarsa ta washe, har ya buɗe baki. Na ja mayafi na kau da kai, na wuce shi kamar bango.

Da yamma ya dawo gida. Da muka zauna cin abinci, Inna ya duba ya ce, "Daga gobe ta bayan masallaci zan riƙa bi."

Inna ta ce, "Wannan hawan? Da garwa cike? Kashe kanka za ka yi?"

"Akwai inuwa," in ji shi.

Babu wata inuwa a can, kowa ya sani. Matakala ce miƙe, ga zagaye. Har na gama makarantar ban ƙara cin karo da shi a hanya ba, kuma kar in yi muku ƙarya, daɗi na ji a lokacin. Daga baya aka ja famfo, sana'ar ta mutu, ƙafafunsa ma suka daina ɗaukarsa. Ya rasu ban ba shi haƙuri ba. Da na haifi nawa, ƙaryar nan dai na gadar musu.

Muna shirin komawa mota 'yata ta ce, Hausarta rabi Larabci, "Ya Ummi, miskinai wallahi. Ko ina 'ya'yan masu ɗaukar ruwan nan suke yanzu?"

Na gaji. Shekarun sun yi yawa, ranar ma ta yi zafi. Na ce, "Ga ɗaya a gabanki."

Da muka shigo gari ta ce in nuna mata hanyar da yake bi. Me zan nuna? An rushe tudun, an baje matakalar, manyan otal-otal sun tsaya a wurin, kowane ɗaki da famfonsa. Lungun da ya kamata in tsaya in ce masa sannu da aiki, yanzu motocin alhazai ake ajiyewa a kansa.