Kwalabe Goma Sha Biyu a Cikin Firji

A wurin aiki ba a tuna Mai Guga da shekara goma sha tara da ya yi yana leƙen rijiyoyi. Da firjin gidansa ake tuna shi.

Aikinsa shi ne duk bayan wata uku ya je wani tsohon gidan mai da tankinsa na ƙarƙashin ƙasa ya taɓa yoyo, ya buɗe rijiyoyin gwaji goma sha biyu da aka haƙa kewaye da wurin. Rijiya dai a suna, don bakin kowacce bai fi na kofin shayi ba. Zai zura gugansa, dogo siriri kamar sanda, ya kwashe ruwan da ya daɗe a bututu ya juye a duro. Sai sabo ya taso sannan ya cika 'yar kwalba har baki, ya rufe, ya kifa ta, ya ƙwanƙwasa da farce. In ya ga kumfar iska ko kamar kan allura, ya zubar ya sake. Daga rijiya mafi tsafta yake farawa ya ƙare da mafi wari, kada gugan ya kwaso fetur ya kai wa wadda ba ruwanta. Matarsa ta ce haka yake ziyarar dangi ma, masu wuyar sha'ani su ne na ƙarshe.

Ranar da abin ya faru mota ce ta tsaya masa a hanya. Kafin ya isa ɗakin gwaji an tashi, ƙanƙarar cikin kula kuma ta zama ruwa. Irin waɗannan kwalabe ba sa son zafi, don haka ya jera su a firjin gida tsakanin ƙwai da tumatir, ya koma neman makaniki.

Surukarsa, wadda kowa a gidan ke kira Inna, ta zo ganin jikoki a makon. Ta buɗe kwalba ɗaya za ta haɗiyi magani, wari ya bugi hancinta. Ba ta ce wa kowa komai ba, don ba ta son kunyata 'yarta. Ta zubar da su duka, ta wanke, ta cika da ruwan famfo har baki yadda ta same su, ta mayar kowacce gurbinta. Ko takardar lamba ɗaya ba ta ɓare ba.

Washegari ya kai su ɗakin gwaji. Bayan sati biyu sakamako ya fito tas, babu ɗigon fetur a ko'ina. Manaja har ya tashi ya ba Mai Guga hannu. A bayan gidan man akwai gidaje shida da aka rufe musu rijiyar sha da murfin ƙarfe shekara biyar ke nan, sa hannu kawai ya rage a cire murfin su ci gaba da sha.

Mai Guga bai yi murna ba. Da idonsa ya ga maiƙo yana ƙyalli a ruwan rijiya ta bakwai, ita ce kuma mafi kusa da gidajen. Yana cin abinci yana ta mita shi kaɗai, sai Inna ta ji.

"'Yan kwalaben nan na firji? Ai ni na wanke maka su, ɗan nan. Sau biyu, da sabulu."

Ya ajiye cokali. Ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi silin.

"Sannu da aiki, Inna," ya ce.

Da safe ya tsaya gaban teburin manaja ya zayyana komai, har da sabulun.

"Wa ya sani ban da kai?" in ji manaja.

"Inna, yallaɓai. Sai rijiya ta bakwai."

An ba shi takardar gargaɗi, ita ce ta farko kuma ta ƙarshe a fayil ɗinsa. Ya sake kwana biyu cikin rana yana jan guga. Sabon sakamako ya nuna fetur na nan bai tafi ba, murfin ƙarfe ya zauna inda yake. Mutanen gidajen ba su gode masa ba, wata tsohuwa ma ta daina amsa gaisuwarsa.

Yanzu furfura ta cika masa kai, kularsa na da kwaɗo, ƙanƙara kuma ninki biyu yake ɗauka. Amma ba a bar shi ya huta ba. Duk ranar da zai fita da kwalabe sai direba ya leƙo ta tagar mota.

"Baba Mai Guga, ɗakin gwaji muka nufa, ko za mu biya Inna ta ɗauraye tukuna?"

Shi kuwa sai ya gyara zaman kula a cinyarsa.

"Ku yi ta dariya. Ɗakin gwajinku sati biyu yake yi kafin ya ce akwai fetur. Inna murfi ɗaya ta buɗe ta sani. Da za ta iya ganin kwalba ta ƙyale ta, da tuni na nema mata aiki a nan."